Gemun Mudi Soja da Fanaretin Ishaya

Kafin rafali ya hura usur, kafin Ishaya Dogo ya ɗaga ƙafa, Mudi Soja ya riga kowa gani. Duk jama'ar da ta cika filin bayan tasha a Funtua ran nan, shi kaɗai ya miƙe ya ce ƙwallon nan ba za ta shiga ba. Kuma ba ta shiga ba. Amma bari a ɗauko zancen daga tushe.

Mudi Soja ba mutumin wasa ba ne. Agana ta shigo Maska yana yaro, ta kwashe tsararrakinsa, shi ta bar masa zane a fuska ta wuce. Ya je yaƙin Bama, can ƙetaren teku, ya dawo da ƙafafunsa biyu. Kwalara ta zo, fari ya zo, duk sun same shi sun bar shi a inda yake. Bai taɓa zama a aji ba, da babban yatsa yake sa hannu, amma ba a taɓa kayar da shi a gardama ba, don ba ya yarda a kai ƙarshenta. Abu biyu yake taƙama da su a duniya. Na farko layar da kakarsa ta ɗaura masa a damtse ranar da zai tafi yaƙi, wadda ya ce ita ta riƙa karkatar da harsashi. Na biyu gemunsa, fari fat har ƙirji, wanda aska ba ta taɓa ba tun da ya sauko daga jirgin ruwa.

A shekarar da farar hula suka karɓi mulki, kakar ƙwallo ta zo da tsohon miki. Bara, a wasan buɗe kaka, 'yan Malumfashi sun zo har gida sun zura wa Taurarin Tasha, ƙungiyar Funtua, bakwai ba ko ɗaya. Shekara guda cur mutumin Funtua bai iya sayen rake a kasuwar Malumfashi ba tare da an tambaye shi ko gaɓa bakwai yake so ba. Ga shi kuma bana da su za a sake buɗewa.

Mai tsokanar da ya fi kowa shi ne Habu Wanzami, taubashin Mudi, wanda uwarsa 'yar Malumfashi ce. Wata safiya a teburin mai shayi ya dubi Mudi ya ce, "Soja, bana nawa kuke so? A ƙara muku ko a bar ku a bakwai ɗin?"

"Kai dai ka iya baki. Bana ko uku ba za ku ci ba."

"In mun ci fa?"

Mudi ya ajiye kofi, ya kama gemunsa da hannun dama. "In ƙwallo uku ta shiga ragarmu, ka aske wannan a bakin tasha, da rana tsaka, kowa na kallo."

Mai shayi ya ce, "Baba, janye. Ba mu ji ba."

"Ku ji! Ni da Japan ba su aske ni ba?"

Habu ya buɗe zabirarsa, ya zaro aska, ya duba bakinta a hasken rana, ya mayar. Dariya kawai yake yi.

Kafin azahar labari ya kai gida. Barakatu, matar Mudi, tana tankaɗe ya shigo, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Malam, an ce ka ba da gemunka jingina."

"Wa ya faɗa miki?"

"Mai manja. Ni dai ban taɓa ganin haɓarka ba, kuma ban roƙi Allah ya nuna mini ita da tsufana ba. In aka aske, sai ka nemi inda za ka riƙa cin tuwo, don dariya ba za ta bar ni in tuƙa ba."

Mudi ya je ya sami golan ƙungiyar, Hyacinth, ɗan mai kemis na bakin kasuwa, haifaffen Funtua, wanda shi Mudi ke kira Hasin. Shi ne aka zura wa bakwai ɗin, kuma tun daga ranar ko biki ba ya zuwa Malumfashi.

"Hasin, gaya mini gaskiya. Me ya cinye ka bara?"

"Baba Soja, rana ce. Baƙo ake ba zaɓin raga, su kuma kullum sai su bar mana ragar gabas bayan hutu. Rana ta yi ƙasa tana dukan idona. Biyar daga ciki ban ma gan su ba, ihu kawai na ji."

"Ragar gabas. To, ka bar ni da ita."

Filin nan ba filin ƙwallo ba ne shekara duka. Da an gama kaka sai a tuge turakun raga a ajiye, damina awaki su yi kiwo, sai kaka ta kewayo a sake kafawa. Ana saura 'yan kwanaki wasa, ba a kai ga kafa su ba, Mudi ya fita da sassafe da fartanya da buta, kamar mai neman ciyawar akuya. Ya nemo ramukan turakun bara a gabas, ya tsaya daidai tsakiyarsu, ya haƙa rami har gwiwar hannu. Ya kwance layar da ba ta bar damtsensa ba tun Bama, ya kwantar da ita a ciki. Abin da ya karkatar da harsashi, ƙwallon fata me ce a wurinsa? Ya mayar da ƙasa sama-sama don kada laya ta matsu, ya yayyafa ruwa, ya watsa busasshiyar ƙasa a kai, ya tafi yana tasbihi.

Ranar wasa 'yan Malumfashi suka iso cike da motar katako, suna kaɗa gwangwani, kowa ya ɗaga yatsu bakwai. Mudi ya iso da babbar riga, gemu ya sha man shanu da mataji. Yana isa ya tsaya cak.

An gina rumfar awon auduga a yammacin filin, ta ci wani yanki. Saboda haka masu kafa turaku suka matsar da filin gaba ɗaya zuwa gabas. Ragar gabas ta koma can baya, kusa da gonar dawa. Layar Mudi kuwa ga ta nan a fili, gaban raga, ba abin da take tsarewa sai iska.

Ya yi tunanin shiga ya tono ta, amma rafali, wani Malam Luka da aka ɗauko daga Tsiga don kada a ce ya yi son kai, ya riga ya tsaya a tsakiya da usur a baki.

Habu Wanzami ya zo ya zauna dab da shi, ya shimfiɗa fatar wasa aska a cinya.

"Soja, ka ga na zo da sabuwa. Ba zan yi maka da tsohuwa ba, kai babba ne."

"Ka ajiye ta, ka yi wa kanka kaciya ta biyu."

Aka take. Ba a jima ba Ishaya Dogo, ɗan gaban Malumfashi wanda shi kaɗai ya ci huɗu bara, ya sa kai ya jefa ta farko. Filin ya yi shiru, sai ƙarar aska a kan fata, shaf, shaf. Wani dattijo a bayan Mudi ya fara tattara tabarmarsa yana cewa shi ba zai sake ƙirga bakwai ba. Amma dab da hutu Lamidi Tela, kyaftin ɗin Taurari, ya tsinci wata ƙwallo da ta kuɓuce a cikin ƙura ya dannata raga. Funtua ta tashi. Masu rake suka jefa rake sama. Wani ya rungumi Mudi har hularsa ta faɗi.

"Ɗaya da ɗaya, ɗan Malumfashi! Wasa askarka da kyau!"

Bayan hutu Hyacinth ya koma ragar gabas, rana ta sauko masa a ido. Ya kama, ya ture, ya fita ya kwanta a ƙafafun mutane har gwiwarsa ta yi jini. Duk da haka wata ta zo daga nesa cikin hasken rana, ya sa hannu a goshi yana nemanta, sai ihun baƙi ya ji. Biyu da ɗaya.

Habu ya ciro ɗan kwano ya zuba ruwa, ya sa sabulu a ciki.

"Saura ɗaya, taubashi. Ka fi son in fara ta dama ko ta hagu?"

Mudi ya kafe fili da ido. Hannunsa na kan damtse, inda laya ta bar farin zobe a fata.

Rana ta kusa taɓa rufin rumfar auduga, Malam Luka yana ta duba agogo, sai Ishaya ya kutsa gaban raga, wani ɗan bayan Taurari ya kwashe masa ƙafafu. Usur. Fanareti.

Mata masu sayar da gyaɗa suka sa salati. Wasu suka juya baya. Ishaya Dogo bai taɓa ɓarar da fanareti ba, har a Malumfashi cewa ake in ya ajiye ƙwallo, gola ya tafi ɗauko ta a raga kawai.

Filin ba shi da farin layi, don haka Malam Luka ya tsaya a bakin raga ya fara aunawa da taku, yana tahowa. Mudi na bin ƙafafunsa da ido. Ya taho, ya taho, ya tsaya, ya sa dunduniya ya yi alama. Dab da alamar, ta hagu, akwai wani ɗan wuri da ƙasarsa ta fi sauran duhu.

Mudi Soja ya miƙe tsaye, ya yarfa hannun riga a kafaɗa.

"Ba za ta shiga ba!"

Kowa ya juyo. Habu ya ce, "Zauna, tsoho, zafin rabuwa ne."

"Na ce ba za ta shiga ba! Hasin, tsaya da kyau, ɗana!"

Ishaya ya ja da baya, ya tofa yawu, ya taho a guje. Ya dasa ƙafar hagu gefen ƙwallo, sai ƙasa ta haɗiye ta har idon sawu. Ya tafi gaba ɗaya kamar buhun auduga ya faɗo daga mota. Ƙafar dama ta ɗan shafi ƙwallon, ta gangara a hankali. Hyacinth kuwa ya riga ya yi tsalle ya faɗi can gefen dama. Ya ɗago kai, ya ga ƙwallo na tahowa kamar tsohuwa za ta unguwa, ya tashi, ya kakkaɓe wando, ya zo ya ɗauke ta da hannu biyu.

Ba a daɗe ba aka hura tashi. Malumfashi biyu, Funtua ɗaya.

Abin da ya biyo baya, 'yan Malumfashi har yau ba su gane shi ba. Jama'a suka kwararo cikin fili, suka ɗaga Hyacinth sama, wasu suka ɗaga Mudi yana ta ce musu su kula da gemu. Mai shayi ya yi shelar kowa ya zo ya sha. Dattijon nan mai tabarma yana ta faɗa wa duk wanda ya gani, "Biyu fa! Biyu kacal, kuma mun rama ɗaya!" Direban motar katako ya leƙo ya tambayi wani, "Malam, don Allah wa ya ci wasan nan?"

Lamidi Tela ne kaɗai ya zauna a ƙasa yana kwance takalmi, fuska a murtuke.

"An ci mu fa. A gidanmu. Ku kuna rawa."

Wata mai gyaɗa ta ce masa, "Kai yaro, bara a nan ka yi kuka da majina. Tashi ka karɓi gyaɗa."

Habu Wanzami bai bi taron ba. Ya je wurin da Ishaya ya faɗi, ya tsuguna, ya sa hannu a ramin, ya jawo wata igiyar fata da laya a jikinta. Ya zo ya tsaya gaban Mudi yana kaɗa ta.

"Soja, wannan ba taka ba ce?"

"Tawa ce. Kawo."

"A tsakanin ramukan turakun bara ka binne ta, ko? Raga na can, kai kana nan! Wallahi ba ka san an matsar da fili ba!"

Mudi ya karɓi layarsa, ya hure ƙasar, ya miƙa wa Hyacinth damtse ya ɗaura masa.

"Wa ya ce maka raga na nufa? Ku yara raga kuke tsarewa. Mu da muka yi yaƙi, inda abokin gaba zai taka muke tsarewa."

"To ta biyun da ta shiga fa?"

"Uku na ce ko biyu? Laya ta san abin da na rantse a kai."

Habu ya zubar da ruwan sabulunsa yana dariya har da hawaye. "To zo in ɗan gyara maka gefe-gefe, kyauta, kada wasa askata ya tashi a banza."

"Ko inuwarsa ba za ka taɓa ba."

Da ya koma gida, Barakatu ta ɗaga fitila ta duba fuskarsa, ta ga komai na nan, ta ajiye masa tuwo da man shanu fiye da na kullum.

"An ce an ci ku."

"An ci su Lamidi dai. Ni ban ga wanda ya ci ni ba."

"To Malam, baɗi in za ka yi rantsuwa, ka rantse da hularka."

Gemun yana nan har yau, ya ma ƙara tsawo. Layar tana damtse. Habu yana raye, Hasin yana kemis ɗin ubansa, Ishaya kuma in aka ambaci Funtua sai ya shafa idon sawunsa. Duk mai cewa sa'a ce, ko kuskure ne ya zo daidai, Mudi Soja na teburin mai shayi na bakin tasha kowace safiya. Ya zo ya faɗa a gabansa, in ya isa kuma ya miƙa hannu ya taɓa gemun.