Karatun Gwaggo Tabawa

Shekara biyu da samun 'yancin kai, Mijinyawa direba ya je ƙauyensu kusa da Maraɗi ya ɗauko ƙanwar babansa, Gwaggo Tabawa, zuwa Yamai neman maganin ido. Maganin bai ci ba. Tsohuwar ita kaɗai ce Kirista a danginsu, tun tana matashiya ta bi 'yan mishan. Yanzu ga Littafinta Mai Tsarki na Hausa a ƙunshe cikin zane, ga ido babu.

"Ɗana, ka kai ni inda ake karanta Littafi. Kunnena ya yi yunwa," ta ce masa.

Shi kuwa a ganinsa majami'a duk majami'a ce, kamar yadda kowane masallaci ka shiga sallarka ta yi. Ran Lahadi ya kai ta babbar majami'ar Katolika, ya tsaya bakin taga ya baza kunne, don mutumin akwai son sanin ƙwaƙwaf. Limaminsu ya buɗe littafi ya yi ta rerawa da Latin, ya koma wancan gefe ya sake buɗewa, masu waƙa suka karɓa. Mijinyawa bai fahimci ko kalma ba, amma abin ya burge shi. Ai shi ma ba Larabcin yake ji ba in yana bin liman.

"Gwaggo, yau kin sha karatu!"

"Karatu kam an yi shi da yawa. Sai dai ba da ni aka yi ba."

Wani tela a Babbar Kasuwa ya ce masa ai Kiristoci iri-iri ne, na mishan suna taruwa a wani gida a unguwar Gamkalle, da Hausa suke yi. Lahadi ta gaba ya kai ta can. Fasto ya buɗe Littafi, ya karanta 'yan ayoyi, kafin Mijinyawa ya gyara tsayuwa har ya rufe. Daga nan sai wa'azi, har inuwar bango ta gudu ta bar shi a rana.

A mota ya kasa haƙuri. "To wane ne mai gaskiyar? Waɗancan karatu ba bayani, waɗannan bayani ba karatu."

Gwaggo ta yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. "Na ji daɗin wa'azin. Amma ni da can babi guda nake cinyewa kafin in ɗora tukunya. Yau an ɗanɗana min an janye."

Tausayinta ya kama shi sosai. Da suka isa gida ya yi ta kai-komo a tsakar gida, yana tunanin abin da abokansa na tasha za su ce in suka ji. Can ya ɗauki buta ya tsuguna.

Tsohuwar ta ji ƙarar ruwa. "Azahar ta yi ne?"

"Da saura. Alwala nake yi, Gwaggo. Littafin Allah kika ce ne, ba na taɓa shi haka kawai."

Ya shimfiɗa tabarma, ya kwance zanen, ya yi bisimilla, ya fara karanta mata. Bokon nasa na direbobi ne, yana tafe yana cin tuntuɓe. Duk inda ya tsaya, sai ta ƙarasa masa kalmar daga ka, hawaye na bin kumatunta.

Da ya kai ƙarshen babin ya ɗaga kai. "Gwaggo, shi wannan mutumin da ake ba da labarinsa, daga baya me ya same shi?"

"Juya shafi, ɗana," ta ce.