Uku, Biyu, Takwas

Tana shirin sakin sabuwar manhajar ke nan manaja ya leƙo ta bayanta.

"Huɗu kuma? Wa ya ce ki sa huɗu a lambar manhajar?"

"Yallaɓai, ma'ajiyar bayanan muka sauya gaba ɗaya. Ka san ƙa'ida. Lambar farko ta babban sauyi ce, ta ƙarshe ta ɗan gyara."

Ya sani sarai. Ya kuma san asibitocin da ke amfani da manhajar, in suka ga lambar farko ta canza, sai sun yi wata da watanni suna gwaji. In ta ƙarshe ce ta canza kuwa, kwamfutocinsu ke janyowa da kansu, ba mai ko dubawa. Shi ko mutumin, haƙuri ba abokinsa ba ne.

"Sa uku, biyu, takwas. In ba za ki iya ba, masu son kujerar nan ba sa ƙirguwa."

Ranta bai so ba, amma aikin nan shi ke riƙe da gidansu. Ta goge huɗun, ta sa uku, biyu, takwas, ta danna.

Da rana ƙanwarta ta kira: Baba na asibiti tun safe, an ƙi ɗora shi a na'urar wankin ƙoda.

Da isarta asibitin, ta tarar da layi har bakin ƙofa. Baba na kan benci, ƙafafunsa sun kumbura suntum, takalmansa a hannu don sun ƙi shiga. Da ƙyar yake jan numfashi.

Nas ta juyo mata da fuskar kwamfuta. Ga sunan Baba, amma gurbin sakamakon jininsa wayam. A can ƙasa ta hango lambobin da ta rubuta da safe.

"Likita ba zai ɗora kowa ba sai ya ga sakamako," in ji nas. "Sai an sake ɗibar jinin kowa. Gobe, in an yi sa'a."

"'Yata ce, aikin kwamfuta take yi," Baba ya ce, har da ɗan murmushi. "Uwata, duba musu mana."

Kunya da tsoro suka rufe ta.

"Baba, wannan ba ya dubuwa daga nan," in ji nas. "Sabon sauyin manhaja ne, da kansa ya shigo. Allah ya isa tsakaninmu da wanda ya turo shi."

"Amin," Baba ya ce, ya jingina kansa a kafaɗarta.