Girkin Mai Walda

"Malama, karɓi ludayin nan, hannuna ya yi nauyi."

Na ajiye kofin shayina a kan taga na karɓa. Mai Walda ya ja da baya ya zauna a bakin gado, dafe da kafaɗarsa ta hagu, gumi yana tsattsafo masa a goshi alhali fanka na juyawa. A kan ɗan teburin da ke bakin ƙofar ɗakin risho yana ci, albasa ta fara yin ja a kasko.

"Juya ta, kar ta ƙone," in ji shi. "In ta ƙone Alƙaliya ɗaure mu za ta yi, ni da ke."

Alƙaliya matarsa ce, shi ya laƙaba mata sunan har duk benen muka ɗauka. Tana zaune a kujerarta mai taya, hannun dama kwance a cinya kamar ba nata ba. Shanyewar ɓarin jiki ta tafi da wannan hannu, da ƙafa, da kusan duk maganarta. Kalma ɗaya tak ta bar mata.

"Ƙara," ta ce, idonta a kan kwalbar mai.

"Ranki ya daɗe, ai an sa."

"Ƙara."

"Kin ji ko, Malama? Miji na neman sheƙawa, ita mai take nema."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya ƙi tsayawa. Na kashe rishon, na leƙa ta taga na ƙwala wa mai tasin da ke tsayawa a bakin titi kira.

Ƙofar gidana tana kallon tasu tun muna da sauran ƙarfi. Ni kimiyya na koyar a makarantar 'yan mata har na yi ritaya. Shi ƙofofin ƙarfe da tagogi yake haɗawa. Ita kuwa girki ne aikinta, shi ne kuma sarautarta. In ta ɗora suyar kaza da dankali, tun daga ƙasan bene ƙamshin ke tarar mutum, kazar tana iyo a mai, fatar ta yi ja tana ƙaras-ƙaras. Da ta faɗi, likita ya ce a rage mai, a rage gishiri, a bar suya. Autarsu, wadda ke aikin banki a can ɗaya gefen gari, ta shiga aiko da dafaffen abinci a robobi masu murfi, fari fat kamar takarda. Alƙaliya ta dubi robobin ta rufe bakinta. Ta rame har zobe ya zame daga yatsanta.

Sai wata safiya na ji ana jan tebur. Na fito na tarar da Mai Walda, mutumin da ko ruwan zafi bai taɓa ɗorawa ba, yana kinkimo risho daga kicin zuwa ƙofar ɗakin kwana. Ya riga ya bar wa ƙaninsa shagon.

"Ba abincin take ƙi ba," ya ce mini. "Korar ta aka yi daga kicin ɗinta. To ga kicin ya zo mata."

Haka ya koyi girki, a gabanta, da tsufansa. Tana nuna masa da ido da haɓa, in ya yi ba daidai ba ta bugi hannun kujera. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa tartsatsin wuta na zuba masa a hannu, in mai ya fantsamo sai ya yi tsalle kamar yaro. Duk abin da take so shi yake dafawa, sai dai ya sauƙaƙa shi. Kazar yakan cire mata fata, ita kuma ta kawar da kai kamar ana tuɓe wani a gabanta. Dankalin ya fara tafasawa, sannan ya shafa masa ɗan mai da bayan cokali, ya jera a busasshen kasko ya rufe. Inda gishiri zai shiga sai ya matsa lemun tsami, ya ƙara tafarnuwa da citta. A kan mai kuwa kullum sai an yi ciniki. Ta ce ƙara, ya yi rantsuwa, ta sake cewa ƙara, ya ɗaga kwalbar sama ya saki ɗigo biyu yana ƙorafin za a talauta shi. Sannan ta ci.

Na sha ɗanɗanawa, kuma ba zan yi masa ƙarya don ya mutu ba: girkinsa tsaka-tsaki ne. Shinkafarsa takan caɓe. Amma zoben ya koma ya zauna.

Ni dai ban taɓa sakin jiki da dokokin abinci ba. A tsawon rayuwata na ga an hana ƙwai, an dawo an ce a ci, an sake hanawa, kowane karo da fuskar tabbaci. Na faɗa masa haka wata rana yana tsame kitse daga saman romo.

"Ke kin yi karatu, Malama, kina da damar yin shakka," ya ce, bai ɗago ba. "Ni an ce mini in ta sake faɗuwa ba za ta tashi ba. Ba zan yi gwaji da matata ba."

A asibitin da tasin ta kai mu suka ce zuciyarsa ce, kuma ta daɗe tana gazawa yana ɓoyewa. Suka riƙe shi 'yan kwanaki, suka sallamo shi da jakar magani da kumburarrun ƙafafu. Auta ta fito daga ofishin likita idonta ja, ban tambaye ta ba. Da ya dawo sai gado ya zama nasa, kujera ta matarsa, teburin bakin ƙofa ya zama nawa. Yanzu mutum biyu ke ba ni umarni.

"Gwaggo, don Allah a mayar da rishon nan kicin," Auta ta ce ranar da ta zo da sababbin robobi. "Marasa lafiya biyu a ɗaki ɗaya, ga hayaƙi, ga tururi. Ni zan riƙa aiko da komai a dafe, an auna."

"An auna, an wanke, an yi masa sutura," in ji ubanta daga kan gado. "Abincinki jana'iza kawai ya rage masa."

"Baba, ka daina irin wannan maganar."

"To ki bar mini rishona."

Ta bar shi. Yarinyar kirki ce, tsoro ne ya yi mata yawa.

Wani yammaci, bayan Alƙaliya ta yi gyangyaɗi a kujera, ya yafito ni. Na jawo kujerar roba kusa da gadon. Numfashinsa yana fita guntu-guntu.

"In na tafi za ta rufe baki. Na san ta."

"Ba inda za ka je."

"Haba Malama. Ke da ba ki yarda da likita ba, ba ki yarda da rediyo ba, yau ni za ki yi wa daɗin baki?"

Na gyara masa matashin kai.

"Me kake so in yi?"

"Ki yi faɗa da ita. Kar ki lallashe ta. Auta lallashi take yi, 'Mama ɗan cokali ɗaya, Mama don Allah.' Matar nan ta raini 'ya'ya, ta ciyar da bene guda. Ba jaririya ba ce." Ya huta. "Kuma fatar kazar, ki cire. Ko ta harare ki."

Da hantsi ya rasu, ina fere dankali. Ya tambaye ni ko lemun tsami ya ƙare, na ce saura rabi, ya ce rabi ya isa. Na ɗora kasko, na auna mai a cokali na zuba, na tsaya ina jiran a ce mini ƙara. Ba a ce ba. Na juyo. Alƙaliya ba kwalbar take kallo ba, gadon take kallo. Kansa ya ɗan karkata wajen bango, bakinsa a buɗe kaɗan kamar zai ƙara wata magana. Na je na taɓa wuyansa, na daɗe ina nema. Sannan na rufe masa ido, na kashe rishon.

Bayan an kai shi, gidan ya cika. Takalma suka taru a bakin ƙofa har kan matakala. Aka mayar da risho kicin don a sami wurin zama. Tukwane suka yi ta shigowa daga maƙwabta da dangi, kowace mai na ƙyalli a samanta, ga robobin Auta jere a firji. Alƙaliya ba ta taɓa ko ɗaya ba. Ruwa kawai take kurɓa, shi ma sai an matsa. Kalmar tata ma ta daina faɗa.

"Ai bin sa za ta yi," na ji wata mata tana raɗa a falo. "Irin waɗannan ma'auratan, in ɗaya ya tafi ɗayan ba ya daɗewa. Ƙauna ce."

Kowa ya gyaɗa kai, kamar an faɗi abin daɗi. Ni na binne miji, na kuma ga mata da yawa da aka ce ƙauna ta kashe su. Da an duba da kyau, yawancinsu yunwa ce, da jama'ar da suka zauna suna jiran labarin ya ƙare yadda suke so.

Baƙi suka ragu, ita kuma tana ƙara shigewa cikin kujerar. Leɓɓanta suka tsattsage. Likitan da ya zo duba ta ya ce in ba ta ci ba zuwa jibi sai an kwantar da ita an sa mata roba ta hanci. Auta ta biyo ni har ƙofata, ta riƙe mini hannu.

"Gwaggo, na rasa Baba. Ki yi wani abu."

Washegari da safe na je kasuwa na sayo kaza mai ƙiba da sabuwar kwalbar mai. Na riga na yanke shawara a hanya. Alkawarin da na yi wa mamaci na cire fatar kaza ne, amma abin da yake so shi ne ta rayu. Mace ta shekara da shekaru tana roƙon mai, to yau za ta samu. Na ja teburin zuwa bakin ƙofar ɗaki, na ɗauko risho.

Da Auta ta ga na tuttula mai har rabin kasko sai ta dafe ƙirji.

"Gwaggo, likita fa ya ce..."

"Likita ya ce kar mai ya kashe ta. Bai ce a bar wa yunwa aikin ba. Matsa mini."

Na yanka kazar da fatarta, na barbaɗa gishiri yadda na sha ganin Alƙaliya tana yi a da. Na ɗauki cinya zan saka, sai na ji an damƙe gefen rigata. Hannunta na hagu ne, ƙashi da fata, amma riƙon ba na wasa ba ne.

"Mene ne? In ƙara?"

Ta girgiza kai. Ta nuna kaskon da haɓa, ta nuna kwalbar.

"In mayar?"

Ta ƙura mini ido.

Tausayi ya taso mini, na danne shi, na kama ƙugu.

"Lallai ma matar nan! Kin hana bawan Allah sakat a kan mai, safe ƙara, rana ƙara, har ya kwanta dama. Yau ga mai har wuya, ki ce ba kya so? Ni kika mayar 'yar aiki?"

Ta bugi hannun kujera da ƙarfi har Auta ta zabura. Ta sake nuna kwalbar. Sannan ta nuna cinyar kazar da ke hannuna, ta kama fatar bayan hannunta na dama da yatsu biyu ta ja.

Na kashe wuta, na jira man ya huce, na juye shi a kwalba. Na wanke gishirin. Na zauna na cire fatar kazar ɗaya bayan ɗaya, wannan karon ba ta kawar da kai ba. Na yanka dankali, ta buga kujera, ya yi kauri. Na sake yankawa. Na manta da citta, ta buga. Na ce mata mijinta ma bai sha wannan wahalar ba, ta yi wani sauti ta hanci wanda ban san ko dariya ba ce ko kuka. Da na zo shafa mai da bayan cokali ba ta ce ƙara ba. Na rufe kaskon.

Da ya nuna na zuba a faranti na ajiye a kan katakon da ake gitta mata a kujera. Auta ta matso da cokali za ta ba ta a baki, na riƙe mata gwiwar hannu. Muka koma bakin ƙofa muka tsaya.

An fitar da katifar zuwa baranda tun jiya don ta sha iska, gadon ya rage ƙarafuna zalla, rana ta shigo ta taga ta shimfiɗa inuwarsu a ƙasa. Alƙaliya ta daɗe tana kallon wurin. Sannan ta sa yatsu ta ɗauki yankin dankali ɗaya, ta hura shi, ta kai gefen bakinta mai motsi. Tana taunawa a hankali, tururi na tashi daga farantin yana ratsa hasken.