Fuskar Ama a Jikin Kwalba

Lokendra Ghimire yana son a kira shi ɗan kasuwar duniya, alhali iyakar duniyar da giyarsa ta taɓa gani ita ce mashayun unguwar Thamel ta Kathmandu, inda baƙi ke kurɓa suna gyaɗa kai don kada a ce ba su waye ba. Shi da abokinsa Rabin suka kafa 'yar masana'antar a gefen Kathmandu, suna zuba zuma da citta a tukunya don a ce tasu daban ce. Giyar ba laifi. Matsalar ita ce uwar Lokendra ba ta san da zamanta ba.

Ama, kamar yadda suke kiran uwa a can, tana wani ƙauye a yankin Syangja, jinin masu jagorantar bauta gaba da baya. Ko albasa ba ta ci, balle nama. Giya kuwa, in aka ambace ta a tsakar gidanta sai ta yayyafa ruwa. Abin da ɗanta ya gaya mata shi ne yana haɗa ruwan sha'ir mai ƙara lafiya, ita kuma baiwar Allah har fure take kaiwa wurin bauta don kasuwar ruwan ta buɗe. Lokendra yana tsoron ɓacin ranta fiye da gobara, amma tsoron bai taɓa hana shi kunna wuta a ƙarƙashin tukunya ba.

Ana nan sai ga wani Bature dillalin giya daga Sidni ta Ostireliya. Ya ɗanɗana, ya lumshe ido, ya taune iska kamar akuya, sannan ya ce daɗi kam akwai, amma a ƙasarsu giya mai daɗi ta fi masu shanta yawa.

"Mutanena labari suke saya," in ji shi. "Ina kakar da ta koya muku? Ina tsaunin ƙanƙara?"

Rabin ya yi farat ya ce ai tasa kakar gwanar dafa giya ce, duk unguwa an shaida. Ya nuna hotonta a waya: wata ƙatuwar tsohuwa da baƙin tabarau, tana shan askirim a gaban kanti. Bature ya yamutsa fuska, ya ce wannan ba ta yi kama da 'yar Nepal ba. Matar da ko iyakar ƙasar ba ta taɓa gani ba, ka ji.

Nan ne shaiɗan ya tura hannun Lokendra aljihu. Ya buɗe hoton Ama a bakin ƙofarta, fuska duk tamoji, farin mayafin da take yafawa tun rasuwar mijinta, ga tsaunuka a baya kamar an yi odarsu. Bature ya dafe ƙirji ya ce ita ce.

Da baƙon ya fita, Rabin ya ce, "Kai ɗan gidan tsarki, ka sha daga tukunya ne yau? Matar da ba ta cin abincin da na taɓa, wai asalina bai kai naku ba, za ka manna wa giya?"

"Na waje ne kawai. Ko kwalba ɗaya ba za ta kwana a ƙasar nan ba."

"In ta ji fa?"

"Ama ko birnin Pokhara da ke kusa da ita sai an yi da gaske take zuwa. Me zai kai ta Ostireliya?"

Wayayye ke nan, mai karanta rahoton kasuwannin ƙetare da safe. Ya san harajin kwalba a kowace tashar jirgin ruwa, amma ya manta cewa babu gidan da za ka shiga a Syangja ba a ce maka ɗansu yana Sidni yana karatu ba, wato yana wanke kwanuka.

Kwantena ta tafi, giyar ta karɓu. An buga fuskar Ama, a ƙasa an rubuta da Turanci cewa sirri ne da ta gada daga kakanninta, kuma da hannunta take damawa. Lokendra ya sayi sabuwar kwat. Wanda ya jera kwalaben farko a firjin wani shago a Sidni kuwa shi ne Kedar, ɗan ƙanin mahaifinsa. Kedar bai kira shi ba. Hoto ya ɗauka ya jefa a zauren dangi na waya, ya rubuta cewa Goggo ta riga su samun izinin zama a ƙasar.

Lokendra na ganin hoton ya danna lambar Ama. Ya yi ta kira, da ƙyar Ama ta ɗauka.

"Za ka zo bikin Dashain?" abin da ta ce ke nan.

"Zan zo, Ama."

Ta kashe. Shi kuma ya lallashi kansa da cewa ai ba ta iya Turanci ba, ya sayo mata bargo mai tsada.

Ranar sa tika, jan ɗigon albarka da manya ke manna wa 'ya'ya a goshi, dangi suka yi layi a gabanta. Ga tiren jar shinkafa da aka kwaɓa da nono, ga 'yan tsiron sha'ir da ake maƙalawa a kunne. A gefenta, kan 'yar kujera, kwalbar ce a zaune. Kedar ne ya zo hutu, ya ga bai kamata ya shigo hannu rabbana ba.

Ta manna wa yayan Lokendra a goshi ta sa masa albarka, ta yi wa matan gida, ta yi wa jikoki, har shi munafukin Kedar ya samu. Lokendra ya durƙusa, ya taɓa ƙafarta, ya miƙo goshi.

"Kedar ya karanta mini," ta ce a hankali. "Wai ni na koya maka. Ashe kana da wata uwa mai hannun giya ban sani ba. Ga ta nan, ta sa maka."

"Ama, talla ce kawai. Can waje ne, babu wanda ya san ki."

"Babu? Ɗan Kamala ya gan ni a firji. Surukin mai shayi ya gan ni a kwandon shara, fuskata a ƙasa. Ubanka har ya mutu bai taɓa riƙe hannuna a gaban mutane ba. Kai ka ba ƙattin duniya wuyana suna kamawa suna kaiwa baki."

"Zan sa a cire, Ama. Wallahi zan sa a cire."

"Waɗanda aka shanye fa?"

Ta ja ganye ta rufe tiren. Kunya da baƙin ciki suka rufe Lokendra, ya ajiye bargon a bakin ƙofa ya kama hanya.

Motar Kathmandu cike take da jajayen goshi. Wayarsa ta yi ƙara: Bature ne, yana son ƙarin kwantena, kuma ko tsohuwa za ta yarda a ɗauke ta bidiyo tana ɗaga kofi?

Wani dattijo da ke gefensa ya daɗe yana kallon goshinsa. A rana irin wannan ba a ganin mutum haka fayau sai wanda ke cikin shekarar makoki. Dattijon ya rage murya.

"Ɗana, uba ne ko uwa?"

Lokendra ya kifa wayar a cinya. "Uwa ce, Baba."

"Allah sarki. Ka dai samu ganinta kafin nan?"

"Na samu," in ji shi.