Tawa Ce

A garinmu na arewacin Minnesota a Amurka, in mutum biyu suka haɗu a bakin ƙofa sai su kusa yini a wurin, kowa yana cewa ɗan'uwansa ya fara shiga. In an kawo kek coci, yankan ƙarshe haka zai bushe a faranti don ba mai yarda a ce shi ya ɗauke. Da wannan tarbiyya iyaye suke kawo mini 'ya'yansu mata 'yan shekara sha biyu, wai in koya musu sofbol, wasan da ake jefa ƙwallo a doke ta da sanda a ruga.

In aka ci mu, iyayen ba sa rasa abin faɗa. Alƙalin wasa makaho ne, mai jifarmu ta gaji, sandunan waccan ƙungiya sun fi namu. Ni dai koci ce, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ana cin mu ne a 'yar ciyawar da ke tsakanin yarinya da yarinya. Za a doko ƙwallo sama, biyu su rugo, kowacce ta ja birki don kara, ƙwallo ta faɗi a tsakaninsu. Sai ka ji baki ya haɗu: "Yi haƙuri!" Wannan kalma ta fi duk wata ƙungiya cin mu, kuma na tsane ta.

Maganin ba wuya. Wadda za ta cafe ta buɗe murya ta ce "Tawa ce!", saura su kauce mata.

Signe Tollefson, mai tsaron tsakiyar fili, a da ita kaɗai ce ba ta da wannan ciwo. Muryarta har wurin ajiye motoci ake ji. Bara suka yi karo da ƙawarta Paloma Ybarra a kan ƙwallo ɗaya, haƙorin Paloma na gaba ya fita. An sa mata wani, ta ma manta. Signe ce ba ta manta ba. Tun daga ranar ba ta ƙara kiran ƙwallo ba, ko da a kanta za ta sauka.

Ana gobe wasan ƙarshe ta same ni ina tattara ƙwallaye a bokiti.

"Koci, gobe in an tashi zan maido rigar wasan. Na daina."

"Saboda me?"

"Ni fa ba na son in ƙara ji wa wani ciwo."

Paloma tana kusa tana tofar da ɓawon 'ya'yan furen sunflawa da take ci. Ta ce, "Ke dalla can! Haƙorina ne ko naki? Wannan sabon ma ya fi na da kyau, kin taimake ni."

Signe ba ta yi dariya ba. Na ce mata, "Shirun nan naki shi zai sa a sake karo, ba ihun ba." Ta ce to, irin to ɗin da ake ce wa manya don su ƙyale mutum. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin na ga 'yan mata da yawa sun bar wasa a daidai shekarunta, kuma ba gajiya ce take korarsu ba.

Washegari da rana tsaka muka kai zagayen ƙarshe muna gaba da ci ɗaya. Saura mutum ɗaya mu fitar, su kuma suna da masu gudu biyu a hanya. In an cafe ƙwallo mun yi nasara, in ta taɓa ƙasa an ci mu. Mai dukansu ta ɗaga ta sama, ta nufi daidai ciyawar nan tsakanin Signe da Paloma. Duk suka rugo. Na ga Paloma ta fara rage gudu, na ce a raina shi ke nan, an koma gidan jiya.

"Tawa ce! Tawa ce!"

Muryar Signe ce. Har alƙalin wasa sai da ya waiga. Paloma ta kauce. Signe ta shiga ƙarƙashin ƙwallo, ta ɗaga safar hannu. Ƙwallo ta daki bakin safar ta zame ƙasa. Masu gudu biyu suka ƙarasa zagaye suka shige gida, ci biyu ke nan, aka ci mu.

Aka jeru ana tafa hannu da abokan wasa kamar kullum, kowa yana cewa wasa ya yi kyau. Paloma ta bi bayan Signe tana sosa kunne.

"Bara haƙori, bana kunne. Ke kam sai kin ƙarar da ni."

Mahaifin Signe, Arvid, ya zagayo shinge da sauri ya dafa kafaɗarta. "Ba komai 'yata, rana ce ta shige miki ido."

Hawaye na zuba, amma ta kalle shi sosai. "Ba rana ba ce, Baba. Ni na kira ta, ni na yar."

Na saurara in ji "yi haƙuri", ban ji ba. Ban taɓa jin daɗin wasan da aka ci mu kamar wannan ba.

Da aka watse Signe ta zo inda nake loda kaya a mota, rigar tana jikinta, gwiwa duk ciyawa. Na tura mata kwandon riguna da ƙafa don in ji ta bakinta.

"Ga kwando nan, in kin cire ki jefa."

Ta dubi kwandon, ta dubi lambar da ke ƙirjinta, ta share hanci da bayan hannu.

"A'a, Koci. Tawa ce."