Maki Huɗun Midhat

"Huɗu? Huɗu fa nake gani a nan, Midhat."

"Ashe ka iya karatu."

Shadi ya ɗaga 'yar takardar sama yadda kowa a shagon zai gani. Daga cikin gidan faifan ya zaro ta. Rubutun Midhat ne, ƙanana a karkace, da sa hannunsa a ƙasa: Tsibirin Gishiri. Huɗu bisa goma. Kyau a ido, ba komai a ciki.

"Ba komai a ciki," in ji Shadi. "Ka ji tsoron Allah. Gem ɗin da ya sa ni hawaye?"

"Kai ai ko albasa aka yanka a talabijin sai ka yi hawaye."

Aka kwashe da dariya. Ranar Juma'a ce bayan an sauko daga masallaci, shagon wasan gem na Ammu Fawzi ya cika maƙil. Talabijin shida, kujeru goma sha biyu, sauran mutane a tsaye suna tauna 'ya'yan kabewa suna tofar da ɓawo a tafin hannu. Duk lokacin da tiram, ƙaramin jirgin ƙasan cikin gari, ya wuce ta bakin titi sai kofunan shayi su yi ƙara a kan kanta.

Midhat bai yi dariya ba. Yana zaune a kujerarsa ta gaban na'ura ta ɗaya, ya harɗe hannu a ƙirji.

Shekara bakwai ke nan duk faifan da ya shigo shagon nan sai ya bi ta hannunsa. Ya buga, ya kai ƙarshe, ya rubuta hukuncinsa a 'yar takarda, a saka cikin gidan faifan. Wanda zai yi musaya ko zai zauna ya ɓata yininsa a kan sabon gem, takardar yake fara buɗewa. Daga unguwar Bakus har ta Muharram Bek an san rubutun nan. Kuma doka ɗaya ce, shi da kansa ya kafa ta: ba a ba gem maki sai an ga sunayen waɗanda suka yi shi suna hawa a ƙarshe. Ya taɓa yaga takardar wani a gaban jama'a saboda ya rubuta takwas alhali rabi ya buga.

Shadi kuwa, Midhat ne ya koya masa riƙon hannun gem. Lokacin ko suna ba shi da shi a na'ura, da sunan Midhat yake shiga. Sai bara ya fara ɗora waya a kan kwalin takalmi yana surutu a kan gem, yana sakawa a intanet. Yana dariya, yana ɓata lokaci, yana faɗin abin da Midhat zai faɗa a layi biyu cikin minti goma. Yanzu mutum dubu tara ke binsa. Wani kanti a Alƙahira ya aiko masa da Tsibirin Gishiri kyauta, mako guda kafin kowa ya gani. Ya buga a gida, ya ba shi tara a bidiyo, sannan ya kawo faifan shago ya ajiye a gaban Midhat yana murmushi.

Murmushin ne ya tsaya wa Midhat a maƙogwaro tun ranar Lahadi.

"To, Basha," in ji Bahgat, wani direban tuk-tuk mai ƙafa uku, mai son ganin an yi rigima, yana kiran Midhat da sunan girma, "mu wa za mu bi? Tara ko huɗu? Ni fa ba ni da awa ashirin na zubarwa."

"Bi mai kyamara," in ji Midhat. "Shi kyauta aka ba shi. Wanda aka ba kyauta ai ba ya cewa huɗu."

Kunnuwan Shadi suka yi ja. Ya ninke takardar a hankali.

"Ka kai ƙarshe?" ya tambaya.

"Ni kake tambaya?"

"Tambaya ce kawai, yayana."

"Na kai. Jiya da safe."

Ƙarya ce. Ranar Talata ya tsaya, a ƙofar hasumiyar fitila. Akwai wani mai gadi a wurin, dogo, da sarƙa a hannu. Sau talatin da ɗaya Midhat ya afka masa, sau talatin da ɗaya ya mutu. Shi da ake cewa babu mai saurin yatsa irinsa a unguwar. A na talatin da ɗayan ya waiga ya ga Shadi a bayansa riƙe da kofin shayi, yana kallo, bakinsa a buɗe kamar zai ce wani abu. Midhat ya kashe na'urar ya fita. Bai ƙara taɓa gem ɗin ba. Ranar Alhamis ya zo ya rubuta huɗu.

"Mai gadin hasumiya fa?" in ji Shadi. "Yaya ka yi da shi?"

"Kashe shi na yi mana. Me za a yi da shi, a gayyace shi cin kushari, shinkafa da taliya?"

Aka sake dariya. Shadi bai yi ba. Ya dubi Midhat, kallon ya ɗan daɗe, sannan ya sunkuyar da kai.

"Abu mai sauƙi," in ji Bahgat yana tafa hannu. "A buɗe ajiya. Ga na'ura, ga faifai. Mu ga inda kowa ya tsaya. Ai haka muke yi, ko ba haka ba, Ammu?"

Ammu Fawzi yana zuba sukari a kofuna bai ko ɗago ba. "Ni shayi nake sayarwa da lokaci. Shari'a taku ce."

Haka ake yi kuwa. In aka yi gardama, sai a buɗe wurin da na'ura ke ajiye tafiyar mutum, kowa ya gani da idonsa. Midhat ya dubi gidan faifan. Taku uku ne tsakaninsa da faifan. Shekara bakwai, a taku uku.

"Ba za a buɗe ba," in ji Shadi.

"Kai, don me?" in ji Bahgat.

"Midhat ya ce ya kai. In Midhat ya ce ya kai, ya kai. Shi bai so ba, ni na so. Shi ke nan." Ya mayar da takardar cikin gidan faifan, ya rufe, ya ajiye a kan kanta. "Wa zai kara da ni a ƙwallo? Bahgat, zo in ci ka huɗu ko kai ma ka san daɗin lambar."

Rigimar ta watse. Midhat ya zauna yana kallon ƙeyar Shadi. Da an buɗe, da ya ji kunya sau ɗaya ya huta. Wannan kuwa sadaka aka yi masa a gaban mutane. Har da alheri ma sai Shadi ya fi shi.

Washegari bai je wurin aikin facin taya ba. Ya buga wa kawunsa mai wurin waya ya ce ciki ke damunsa. Ƙarfe tara yana tsaye a ƙofar shago lokacin da Ammu Fawzi ke ɗaga ƙyauren ƙarfe.

"Yau da sassafe, ɗana?"

"Na'ura ta ɗaya, Ammu."

Tsohon ya miƙa masa faifan ba tare da ya tambayi wanne ba. Wannan ma ya yi masa ciwo.

Niyyarsa ɗaya ce. Ya kashe mai gadin nan ko yatsunsa za su karye, ya kai ƙarshe kafin la'asar, ƙaryar jiya ta zama gaskiya. Ya buga lambar sirrinsa, ya buɗe ajiya.

Ba a ƙofar hasumiya yake ba. Rubutun ya ce: Bayan Hasumiya. Laraba, ƙarfe huɗu da kwata.

Ya daɗe yana kallon layin. Ranar Laraba ƙarfe huɗu yana ƙarƙashin wata tsohuwar tasi yana kwance taya. Bayan shi, mutum ɗaya ne a duniya ya san lambar nan, wanda ya yi shekara biyu yana shiga da ita.

"Ammu."

"Na'am."

"Wa ya zauna nan ranar Laraba?"

"Mutane da yawa." Ya goge kofi. "Minti biyar ya yi. Ya ce kada in faɗa, ni kuma ban faɗa ba."

Minti biyar. Midhat ya ɗora yatsa a kan maɓallin gogewa. In ya goge, babu shaida, sai dai awa goma sha biyar daga farko, kuma mai gadin yana nan yana jiransa. Ya cire yatsan. Ya shiga.

Ya shiga ne yana neman aibi. Ya samu biyu, ya ji daɗi: wani tsani da ƙafa ke maƙalewa a jikinsa, da wata tsohuwa mai kwale-kwale da bakinta ba ya tafiya daidai da maganarta. Ya riƙe su a ransa kamar wanda ya tsinci kuɗi. Huɗu, ya ce, huɗu daidai.

Sai tsohuwar ta fara tuƙa shi tsakanin gidajen da ruwa ya ci, tana nuna masa rufin kowane gida tana faɗin sunan masu shi. Babu faɗa, babu gudu. Ya ga ya rage wa kansa sauri don kada maganarta ta ƙare. Shayin da Ammu Fawzi ya ajiye masa ya huce bai sani ba. Aka kira azahar, ya tashi ya yi salla a kusurwa, ya dawo da sauri kamar wani zai ƙwace kujerar.

Can tsakiyar ruwa tsohuwar ta ce da shi, ɗanta ne mai gadin hasumiya. Makaho ne. Ƙarfe ba ya cinsa, babu wanda ya taɓa kai shi ƙasa, babu kuma wanda zai kai. Zafin fitila kawai yake bi. Wanda ya hure fitilarsa ya mayar da takobi kube, sai ya wuce ta gefensa lafiya.

Midhat ya ajiye hannun gem a cinyarsa.

Kashe shi na yi mana.

Ya tuna yadda Shadi ya dube shi, da yadda ya sunkuyar da kai. Ashe tun kafin Bahgat ya buɗe baki an gama shari'ar. Shadi ya sani ta ajiya, ya sani ta bakin Midhat, sannan ya ninke takardar ya mayar.

Kuma ba saurin yatsa ba ne. Da a ce Shadi ya fi shi sauri ne, da sauƙi, sai ya dage ya kamo shi. Yaron ya tsaya ne ya kalli mutumin, ya lura ba ya gani. Shi kuwa sau talatin da ɗaya yana sara, bai taɓa duban fuskarsa ba. Wa ke nan ya iya duba gem a cikinsu?

Ya ɗauki hannun ya ci gaba, don ba shi da wani abin yi.

Ƙarshen ya zo bayan la'asar. Ba zai iya cewa ga abin da ya same shi ba. Kwale-kwale, fitila ɗaya a nesa, tsohuwar ta daina tuƙi. Ya ji hancinsa yana zafi. Ya ja tsaki, ya goge ido da bayan hannu, ya ɗora laifin a kan hayaƙin shishar maƙwabta. Sunaye suka fara hawa, farare a kan baƙi.

Ya buɗe gidan faifan. Takardarsa tana nan, da ninkin da Shadi ya yi mata. Ya ciro biro daga aljihu. In ya bar huɗun, duk wanda ya buga zai san mai gadin ba ya kisuwa, kuma mutum ashirin sun ji abin da ya faɗa jiya. In ya mayar da ita tara, lambar Shadi ya kwafa. Kuma a dokarsa, wanda wani ya tsallakar da shi wuri, ya kai ƙarshe ke nan ko bai kai ba? Da wani ne, ya san abin da zai yi da takardar.

Tiram ya wuce, kofuna suka yi ƙara. Muryar Bahgat ta riga shi shigowa.

"A'a! Basha da kansa! Ammu ya ce tun safe kake nan. Gem ɗin huɗu ne ka kashe wa yini guda?" Ya leƙa talabijin. "Har ka sake kaiwa ƙarshe? Karo na biyu ke nan?"

Mutum uku suka biyo shi. Na ƙarshensu Shadi ne, da ledar burodi da ta'amiya, irin ƙosansu, a hannu. Ya tsaya a bakin ƙofa. Ya dubi sunayen da ke hawa, ya dubi idon Midhat da ya yi ja, ya dubi biron. Bai yi murmushi ba. Da ma ya yi.

Ya jawo kujera ya zauna kusa da shi, a gefen hagu, inda yake zama tun ba shi da suna a na'ura. Ya ajiye ledar a tsakaninsu. Ya yi ƙasa da murya, amma shagon ya riga ya yi shiru, kowa ya ji.

"To, yayana. Nawa ka ba shi?"