Shanyar Laure a Kan Hanyar Mutane

A garin Argungu akwai wata mata da ake kira Laure, wadda ta shekara ashirin da wani abu tana sana'ar gumi. Takan sayo shinkafa shanshera, wato mai ƙaiƙayi, a hannun manoman fadama, ta jiƙa, ta turara a rabin duro, ta shanya, sannan ta kai injin casa. Matan unguwarsu goma sha bakwai ne ke wannan sana'a, kuma ko da yake ba a taɓa yin wani zaɓe ba, kowa ya san Laure ce shugaba. Doguwa ce mai kaurin murya, ba ta iya magana ƙasa-ƙasa ba, idan kuma ta ce abu zai yiwu sai sauran su gyara ɗaurin zani su bi bayanta.

Wahalar gumi ba a wurin wuta take ba, a wurin shanya take. Shinkafar da aka baza a ƙasa, ko an shimfiɗa buhuna, sai ta kwashi yashi da tsakuwa. Awaki su bi ta kai, kaji su tona, mai saye kuma ya dawo yana mita an kusa fasa masa haƙori.

Shekarar da gwamnatin jiha ta sa aikin hanyar masu tafiya a ƙasa a gaba, da Birnin Kebbi aka fara, daga baya aikin ya iso Argungu. Aka rufe magudanar ruwan da ke gefen titin da ya bi ta bakin unguwar su Laure zuwa kasuwa, aka yi daɓen siminti a kai, mai faɗin da mutum uku za su jera. Kullum ana faɗa a rediyo cewa an yi shi ne don mai ƙafa ya daina gogayya da babura da manyan motoci. Laure ta ji, ta kuma ce an kyauta. Sai dai ranar da ta fara taka daɓen ta ji shi sumul, ga rana ta gasa shi, wani tunani daban ne ya zo mata.

Washegari ta share wuri ta baza buhu biyu. Kafin la'asar shinkafar ta bushe ƙarau, ko tsakuwa ɗaya babu. Ba a yi mako ba sauran matan suka biyo sahu, lokacin kuwa girbin shinkafar rani ne, aiki ya yi yawa. Daɓen nan tun daga gidan mai har kusa da kasuwa ya koma ruwan zinariya. Masu wucewa suka koma kan kwalta kamar da, domin ba wanda zai sa ƙafa a kan abinci.

Akwai wani dattijo a unguwar, Malam Riskuwa, tsohon malamin firamare da ya yi ritaya, wanda rabin mutanen unguwar a hannunsa suka koyi karatun boko, har da 'ya'yan Laure. Idanunsa sun yi rauni, da sanda yake tafiya. Wata ranar Talata da hantsi ya fito za shi awon jini, ya biyo daɓen, sandarsa ta taɓa shanya. Ya tsaya, ya yi sallama ga masu aiki, ya sauka kan titi don ya kewaye. Daidai nan wani mai babur ɗauke da buhunan albasa ya kauce wa mota, buhun ya make dattijon ya faɗi, ƙafarsa ta karye a ƙwauri.

Shanyar da ya kewaye ta Laure ce, kuma tana durƙushe tana juya ta da ɗan katako abin ya faru a idonta. Ita ta tallafi kansa har aka sami mota. Da aka wuce da shi asibiti, ta dawo ta kwashe shinkafarta da danshinta ta ɗura a buhu.

Bayan kwana biyu, da aka sallamo shi, ta je dubiya. Ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe shi.

"Malam, ni ce Laure. Na zo ka yahe mani. Shanyata ce ta hidda kai bisa titi."

"Haba Laure, tashi ki zamna," in ji shi. "Abin da Allah ya rubuta ne. Ni dai ban iya taka abinci, tun ina yaro haka anka hore mu." Ya gyara zaman ƙafar. "Amma tunda kin zo da kanki, bari in gaya maki. Hanyar ga don irinmu anka yi ta, mu da ba mu iya tsalle. Kwana goma na yi ina bin ta ba tare da an riƙa mani hannu ba, na ji daɗi ƙwarai."

Wannan magana ta fi zagi yi wa Laure zafi. Da yamma ta tara matan a tsakar gidanta ta ce daga gobe ba mai sake shanya a kan daɓen. Wata mai suna Umma, wadda ta fi kowa yawan gumi ta kuma fi kowa baki, ta ce, "To Inna Laure, ina za mu kai ta? Bisa kanmu? Ke kika nuna muna wurin."

"Awo, ni na nuna maku, ni kuma za ni sama maku wani. Ku ba ni mako guda."

A lokacin da ta faɗi haka ba ta san ko ina ne ba. Amma ta faɗa kai tsaye, matan suka watse suna gunaguni.

Da safe ta bi unguwar lungu-lungu tana duba fili. A bayan makarantar firamare ta ci karo da wani wuri da aka kewaye da kwano, inda 'yan kwangilar titin suka yi sansani. Ta leƙa ta wata kafa. Injina duk an kwashe, saura daɓe shimfiɗeɗe wanda suka riƙa zuba murafun magudanar ruwa a kai, faɗinsa ya kai tsakar gida goma. Ta daɗe tana kallonsa.

A ranar ne kuma wani injiniya mai suna Abdussamadu, wanda ke kula da aikin, ya zo da mota mai lasifika yana sanar da cewa an ba kowa kwana uku ya kwashe kayansa daga hanyar masu ƙafa, mai shanya ne ko mai tebur. Laure ta tare shi a gefen motar.

"Injiniya, sannu da aiki. Daɓen can na bayan makaranta, mi za a yi da shi?"

"Fasa shi za a yi, Inna, ranar Alhamis. Ƙa'ida ce a mai da filin yadda aka same shi."

"A fasa siminti mai kyau, mu kuma muna neman inda za mu shanya abinci?"

Ya ce ya fahimce ta, amma shi ba shi da ikon hanawa, sai takarda ta fito daga ma'aikata a Birnin Kebbi. Ta tambaye shi wa ke sa hannu, ya ce darakta. Ta ce ya rubuta mata sunan a takarda. Ya dube ta, ya ga ba wasa take yi ba, ya rubuta, ya ƙara da lambar wayarsa.

Ranar Litinin Laure ta sa mayafinta na zuwa biki, ta ja Umma suka hau mota. Ta zaɓi Umma ne da gangan, don ta san in Umma ta gani da idonta, sauran ba sai an yi musu dogon bayani ba. A jaka ta ɗauki kwanoni biyu a rufe. Da suka sauka a Birnin Kebbi suka taka da ƙafa a kan daɓen gefen titi har ma'aikatar, babura na wucewa ta gefensu ba wanda ya waiwaya.

Sun yi zaman jira har bayan azahar kafin a shigar da su. Daraktar mace ce, Hajiya Hamida, mai tabarau, gabanta cike da takardu. Laure ta gaishe ta, ba ta kuma tsaya kewaye-kewaye ba.

"Ranki ya daɗe, mu ne masu shanya bisa hanyar da kunka yi a Argungu. Dattijon da ya karye ran Talata, shinkafata ce ya kewaye. Ban zo in ce muna da gaskiya ba, ba mu da ita. Na zo ki ga abin da ya kai mu."

Ta buɗe kwanonin a kan tebur, ta ce ɗaya shanyar ƙasa ce, ɗaya ta siminti. Hajiya Hamida ta ture takardu gefe, ta sa yatsu a na farko. Kafin minti ɗaya ta tsinto tsakuwa huɗu ta jera a kan tebur. A na biyu ta tona har ƙasan kwano ba ta sami komai ba.

"In kunka kore mu da bulala," in ji Laure, "za mu tahi, amma ranar da ma'aikatanku sunka bar zuwa wata za ta koma. Na san mutanena. In kuwa an bar muna daɓen bayan makaranta, ba sai kun aiko kowa gadin hanya ba, mu za mu tsare ta."

Daraktar ta juya ga Umma. "Ke fa, kin yarda da wannan alkawari?"

Umma ta ce, "Ranki ya daɗe, in Inna Laure ta ɗauki abu, ko ba ka so sai ka yi. Na yarda."

Hajiya Hamida ta yi dariya. Ta ce filin ba na ma'aikatarsu ba ne, sai an nemi yardar ƙaramar hukuma da hukumar makarantar, wannan kuwa zai ɗauki lokaci. Amma a gabansu ta kira Injiniya Abdussamadu ta ce kada a taɓa daɓen sai ya ji daga gare ta.

Mako guda da Laure ta ɗiba ya zama uku. A cikin kwanakin nan matan suka koma shanyar ƙasa, wasu shinkafarsu ta yi tsami, aka riƙa jifan Laure da magana a wurin ɗiban ruwa. Kullum da safe takan bi daɓen titin daga gidan mai zuwa kasuwa ta dawo. Sau biyu ta tarar da shanya, ba ta yi faɗa ba, ta durƙusa ta kama kwashewa har mai ita ta ji kunya ta zo ta taya ta.

Ranar da takardar ta fito, Injiniya Abdussamadu ne ya kawo makullin sansanin da kansa. Matan suka kwashe yini suna shara da wanki, suna kankare ragowar siminti da ya daskare. Da aka auna, sai aka ga wurin mutum tara kawai zai ɗauka a lokaci guda. Nan gardama ta tashi a kan wa zai fara. Laure ta raba su kashi biyu, yau waɗannan gobe waɗancan, ta sa kanta a kashi na biyu, gardamar ta mutu.

Malam Riskuwa ya yi wata biyu kwance kafin ya fara takawa, kuma ɗingishin bai rabu da shi ba. Masu gumi na wata unguwa da ke gefen kogi suka ji labari, suka aiko mata biyu su tambayi Laure yadda aka yi. Ta ba su tabarma, ta sa aka kawo fura, ta ce kafin su je ko'ina su fara zagaya unguwarsu su nemo fili tukuna, in sun samu su dawo ranar Laraba ta raka su Birnin Kebbi.